Leda Biyu Ta Jini: Ƙaryar Da Muka Saba Yi Wa Masu Karatu

Makon nan ni ce da alƙalami, kuma tun daga farko ina neman afuwa, domin abin da zan faɗa ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

A watan da ya wuce an turo mini labarai huɗu in duba kafin masu su su fara saki. A uku daga ciki, tauraruwar labarin ta yanke jiki ta faɗi. A dukan ukun an kwashe ta sai asibiti, likita ya fito yana share gumi, ya zare tabarau, ya dafa kafaɗar saurayin ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, ana bukatar leda biyu cikin gaggawa. A dukan ukun jinin saurayin ya yi daidai da nata. Aka ɗiba, aka ƙara, ta buɗe ido a hankali ta kira sunansa. A babi na gaba ga ta a kicin tana soya masa ƙwai. Marubuta uku, garuruwa uku, ba su san juna ba, amma kamar a allo ɗaya suka kwafa.

Na san inda suka kwafa, domin ni ma a can na kwafa shekarun baya. Mun gaji wannan fage ne daga littattafan da muka karanta da finafinan da muka kalla, har ya zama kamar gishiri a miya, ba mai tambayar dalilinsa. To ni yau tambaya nake yi. Me ya cinye jinin? Ba ta haihu ba, ba ta yi hatsari ba, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ina ya tafi? Marubucin bai sani ba, likitan da ya ƙirƙira ma bai sani ba, shi ya sa yake zare tabarau don ya samu abin yi da hannunsa.

Ƙarancin jini alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Cututtukan da ke kawo shi suna da yawa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani aiki. Wanda muka fi sani shi ne na rashin sinadarin ƙarfe, inda jajayen ƙwayoyin jini ke fitowa ƙanana, koɗaɗɗu. Amma akwai wani nau'in da yake kishiyar wannan, wanda ƙwayoyin ke fitowa manya fiye da ƙima. Likitoci suna ce masa megaloblastik, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa ƙarancin jini mai manyan ƙwayoyi. A kansa zan tsaya, domin shi ne ya shigo gidanmu ya koya mini kunyar abin da na rubuta.

Ga yadda abin yake. A cikin ɓargo ake ƙera jini. Kowace jar ƙwaya tana yin kwana wajen 120 tana aiki kafin ta mutu, don haka ɓargo ba ya hutu, kullum cikin ƙera sababbi yake. Uwar ƙwaya takan girma ta rabu biyu, biyun su rabu huɗu, haka har a samu ƙanana masu yawa. Amma kafin kowace rabuwa sai ta kwafi kundin gadon da ke cikinta, kuma wannan kwafi ba ya yiwuwa sai da abubuwa biyu: bitamin B12 da folik asid. In ɗayansu ya yi ƙaranci, ƙwayar za ta ci gaba da ƙiba amma ta kasa rabuwa a kan lokaci. Ku ɗauka mai fura ce ta kirɓa gero cikin turmi, maimakon ta cura dunƙule hamsin daidai hannu, sai ta cura goma sha biyar manya-manya, ga su da girma amma ba su haɗu ba, rabinsu sun farfashe tun kafin a kai kasuwa. Haka ɓargon mai wannan ciwo yake: cike yake da ƙwayoyi, amma da yawansu a ciki suke mutuwa ba su fito ba. Wannan farfashewa ce ke sa idon mara lafiya ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, har a ɗauka shawara ce. A takardar gwajin jini cikakke akwai lambar da ke nuna matsakaicin girman ƙwaya. Ga mai lafiya tana tsakanin 80 da 100. In ta haura 100, likita mai lura zai tsaya ya sake dubawa. In aka shafa jinin a gilashi aka leƙa ta madubin likita, za a ga jajayen ƙwayoyin sun yi siffar ƙwai, wasu fararen ƙwayoyin kuma cibiyarsu ta rarrabu kashi shida ko fiye, alhali uku ko huɗu aka saba gani.

Abubuwan nan biyu kuwa halinsu ya bambanta, kuma a nan ne marubuci ya kamata ya buɗe kunne. Folik asid yana cikin ganye da wake da gyaɗa da hanta. Zogale, alayyahu, rama, duk suna da shi. Sai dai doguwar dahuwa tana kashe shi, irin dahuwar da muke yi wa miyar ganye har sai ta canza kala. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta 'yan watanni, kuma mai ciki da mai sikila da wanda zazzaɓin cizon sauro ke yawan kayarwa suna cinye ajiyar da sauri, domin ɓargonsu aikin mutum biyu yake yi. Wannan ne dalilin ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da masu sikila ke sha kullum, wadda kuma ake bai wa mata a wurin awo. Shi kuwa B12 daga dabba kawai ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Hanta tana ajiye wanda zai isa shekaru, shi ya sa ciwonsa ke shigowa da sanɗa, a yi shekara uku ko huɗu ba a san yana tafe ba. Kuma cin naman kaɗai bai isa ba. Dole sai tumbi ya fitar da wani sinadari da zai riƙe wa bitamin ɗin hannu ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji inda jiki ke tsotse shi. Akwai mutanen da garkuwar jikinsu ke juyowa ta lalata ƙwayoyin tumbin da ke fitar da wannan ɗan rakiya. Irin wannan mutum ko rago guda yake ci a rana, abin wucewa kawai yake yi. Ku duba fa: Alhaji mai gidan sama, firjinsa cike da kaji, yana ƙanjamewa da ciwon da kowa ke ɗauka na mayunwata ne. Wa ya taɓa rubuta mana wannan?

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi shekaru tana shan maganin ciwon suga, wannan da ake kira metfomin. Magani ne mai kyau, ya riƙe ta, amma an san cewa in aka daɗe ana shansa yana rage yadda jiki ke tsotsar B12. Mu dai ba mu sani ba. Abin ya fara da harshe. Ta daina cin yaji, ita da ba ta cin tuwo sai da shi, ta ce harshenta zafi yake. Da ka duba za ka gan shi ja sumul kamar an goge shi da tsumma. Daga nan ta fara cewa tafin ƙafarta kamar kiyashi na bi, daga baya ta ce ji take kamar a kan auduga take takawa. Da rana tana tafiyarta, amma da asuba in ta fito alwala cikin duhu sai ta yi tangaɗi ta dafa bango. Sai mantuwa. Sai zargi. Matar ɗanta da suka yi shekara goma ba a taɓa jin kansu ba, ita ce ta zama ɓarauniyar zannuwanta. Fatarta ta ɗashe, gaɓoɓin yatsunta kuma suka yi baƙi, har wata maƙwabciya ta yi gulmar wai tsohuwa ta fara shafa man bilicin.

Kowa ya kawo nasa fassarar. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce an yi mata sammu, wasu suka ce mutanen ɓoye ne. Aka yi addu'o'i, kuma ba ni da ta cewa a kan addu'a, ita ce makamin mumini. Aka je kemis, mai kemis ya ja fatar idonta ƙasa ya ce ba jini, ya ba da kwalbar maganin ƙarin jini da ƙwayoyin folik asid. Aka haɗa mata da malt da madarar gwangwani safe da yamma. Kuma abin mamaki, ta ɗan yi jajir, haki ya ragu, muka ce Alhamdu lillahi an dace. Ƙafa kuwa sai gaba take yi.

Abin da ba mu sani ba shi ne tarkon da ke cikin wannan ciwo. B12 ba jini kaɗai yake ginawa ba, shi ne ke kula da rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin laka da na ƙwaƙwalwa. In aka bai wa mai rashin B12 folik asid shi kaɗai, jinin yana iya gyaruwa, alamar da za ta tona asirin ciwon ta ɓace, jijiyoyi kuwa su ci gaba da lalacewa a ɓoye. Mun shafe bango da fenti ne gara na ci daga ciki. Sai bayan fiye da shekara wani matashin likita ya sa aka auna B12 ɗin kansa, ya sa ta tsaya ta haɗe ƙafafu ta rufe ido, ta tafi luu za ta faɗi ya tare ta. Ya buga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu ya ɗora mata a idon sawu ya ce me take ji, ta ce ba komai. Aka fara yi mata wata allura mai jan ruwa, wadda kuɗinta bai kai na kwalaben da muka yi ta saye ba. Cikin 'yan makonni hankalinta ya dawo, ta kira surukarta ta nemi gafara tana kuka. Ƙafar ce ba ta dawo duka ba.

A ɗakin da take kwance, a kan durowa, akwai littafina na biyu. A shafi na sittin da wani abu, tauraruwata ta faɗi, an ƙara mata leda biyu, ta tashi. 'Ya'yan gwaggo duk sun karanta shi. Ba na cewa littafina ne ya gurgunta ta. Amma lokacin da babbar 'yarta ta ce mu kai ta a ƙara mata jini kawai a huta, na san daga bakin wa ta ji cewa haka ake yi.

Ƙarin jini yana ceton rai, kada wani ya juya mini magana. Mace ta haihu tana zubar da jini, ko yaro ya zo fari fat da zazzaɓi, leda ce tsakaninsu da kabari, kuma masu ba da jini sadaka Allah Ya saka musu. Amma ga mai irin ciwon gwaggo, ledar aron kwana ce. Ƙwayoyin da aka ƙara za su tsufa su mutu, ɓargo kuma yana nan yadda yake. Har ma likitoci suna taka-tsantsan da ita, domin wanda ya daɗe da ƙarancin jini zuciyarsa ta riga ta gaji, in aka antaya masa leda biyu a gurguje tana iya kasa ɗauka, ruwa ya taru a huhu. Wato fagen da muke rubutawa a matsayin ƙololuwar soyayya, a wani majinyacin hanyar kashe shi ce.

Na san amsoshin da za su biyo baya, domin na sha jin su. Ta farko: ai labari ne kawai, ba littafin koyon likitanci ba. To mu faɗa wa juna gaskiya. Mu ne muke cika baki cewa adabi madubin al'umma ne, muna faɗakarwa, muna ilimantarwa. Ranar karɓar kambu mu malamai ne, ranar da aka kama mu da kuskure kuma sai mu koma masu nishaɗantarwa kawai? Matar da ke karanta labarinki a waya ƙarfe ɗayan dare, wataƙila rabonta da ganin likita tun haihuwarta ta ƙarshe, amma kullum tana tare da ke. Kayan lefen da kika lissafa ta haddace, girkin da kika kwatanta ta gwada, turaren da kika ambata ta nema a kasuwa. Don me kike zaton maganar asibitin ce kaɗai za ta bari a shafi?

Ta biyu: ni ba likita ba ce. Ni ma haka. Amma ba ki taɓa zuwa Dubai ba kika kwatanta otal ɗinta har da kalar labule. Kin yi awa biyu kina binciken sunan motar da jarumin zai hau. Ma'aikacin ɗakin gwajin jini yana nan a unguwarku, malamar awo tana nan, wataƙila ma a cikin zauren nan akwai nas ko ɗalibin likitanci da zai amsa miki tambaya kyauta. Abin da ya hana ki tambaya shi ne kin ɗauka ciwo ba ya cikin labarin, dabara ce kawai ta haɗa masoya a ɗaki ɗaya.

Ta uku ita ce ta fi ba ni haushi: wai gaskiyar kimiyya ba ta da daɗin labari. Bari in ba ku kaɗan daga tarihin wannan ciwo, ku yi hukunci.

Kafin 1926, nau'in da ke zuwa daga lalacewar tumbi hukuncin kisa ne. Sunan da Turawa suka ba shi ma ma'anarsa mai halakarwa. Wani likita a Amurka, George Whipple, yana zubar wa karnuka jini yana gwada abincin da zai fi saurin mayar musu da shi, sai ya ga hanta ce kan gaba. Likitoci biyu a Boston, George Minot da William Murphy, suka ɗauki wannan suka fara ɗura wa majinyatansu hanta mai yawa kullum, wadda ba ta gama dahuwa ba. Mutum 45 suka ba da rahotonsu a 1926, mutanen da ake jiran mutuwarsu suka miƙe. Su ukun suka samu kyautar Nobel a 1934. Daga baya aka gano abin da ya warkar da karnukan ƙarfen da ke cikin hantar ne, abin da ya warkar da mutanen kuma wani abu ne daban, wanda sai a 1948 aka ware shi aka sa masa suna B12. Kuskure ne ya kai su ga daidai. Shi kansa Minot ciwon suga ne da shi mai tsanani, ba don an gano insulin a farkon shekarun 1920 ba da bai kai ga yin wannan aiki ba.

Sai William Castle, shi ma a Boston. Yana son ya tabbatar cewa abin da majinyatan suka rasa a tumbi yake. Sai ya riƙa cin niƙaƙƙen naman sa, ya bari ya yi kamar awa ɗaya a cikinsa, ya dawo da shi waje, a sarrafa shi a zura wa majinyata ta bututu. Wanda aka bai wa naman kawai bai samu sauƙi ba, wanda aka bai wa naman da ya zauna a tumbin mai lafiya jininsa ya fara tashi. A 1929 ya wallafa sakamakon. Ƙazanta ce, na yarda, amma ku nuna mini jarumin littafinmu ɗaya da ya yi sadaukarwar da ta kai wannan.

Ga kuma Lucy Wills, likita 'yar Ingila da ta tafi Bombai ta Indiya a 1928, inda mata masu ciki, musamman matalauta masu aiki a masaƙu, ke mutuwa da ƙarancin jini mai manyan ƙwayoyi. Ta nemi ƙwayar cuta ba ta samu ba, ta koma kan abin da suke ci. A ƙarshe abin da ya tashe su shi ne Marmite, wani baƙin maɗi mai gishiri da ake yi da yis, wanda Turawan Ingila ke shafa wa burodi. Ta ba da rahoto a 1931. Shekara goma bayan nan aka ciro sinadarin daga ganyen alayyahun Turawa, aka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye, shi ne folik asid.

Kuma kada a ce duk labarin nesa ne. Farfesa Alan Fleming, masanin jini da ya yi aiki a Ibadan sannan a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya yi shekaru yana nazarin ƙarancin jinin masu ciki a ƙasar nan. Aikinsa da na abokansa ya nuna yadda zazzaɓin cizon sauro ke farfasa jinin mai cikin fari, ɓargo ya yi ta ƙoƙarin mayarwa har folik asid ɗin jikinta ya ƙare, ciwo ɗaya ya haifi na biyu. 'Yan matan da aka yi wannan nazari a kansu irin taurarin littattafanmu ne sak, amaren bara masu cikin fari. Mun rubuta laulayinsu da kwaɗayin tsamiyarsu da yadda ango ke rawar ƙafa, amma ƙwayar awon da take jefarwa bayan gado don wai tana sa jariri ya yi ƙato, ba mu taɓa ganinta ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi mai ciki ta sha maikrogiram 400 na folik asid kullum tare da sinadarin ƙarfe, kuma an fi so a fara tun kafin a ɗauki cikin, domin lakar jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba. In ba ta rufe ba, shi ne ake haihuwar yaro da ƙari a gadon baya. Wannan ma a littattafanmu aikin kishiya ne.

Zan yi adalci ga ɓangare ɗaya. Akwai masu jin irin wannan suka sai su faɗa ɗaya ramin: su kwaso sakin layi guda na Turanci daga intanet su cusa a bakin likita, ya yi ta zuba sunayen da marubucin kansa ba zai iya furtawa ba. Wannan ma lalaci ne, ya dai sa farar riga. Mai karatu ba lacca ta zo ji ba. Abin da take bukata shi ne ta ga tsohuwa ta ture kwanon miya ta ce yaji ya yi yawa alhali ba a sa ba, ta ga takalmi ya zame daga ƙafa mai shi ba ta ji ba, ta ga suruka tana kuka a bayan ɗaki an kira ta ɓarauniya. Hausa ba ta rasa kalmomin waɗannan ba. In mai karatu ta rufe labarin ta tuna da kakarta, ta ce a je a auna, ba sai kin rubuta megaloblastik ko sau ɗaya ba.

Labaran nan uku na mayar wa masu su, kowanne da tambaya ɗaya a gefen shafin asibitin: me ya cinye jinin? Ɗaya ta yi fushi ta ce na cika tsanani, ɗaya ba ta amsa ba har yau. Ta ukun ta kira ni bayan kwana huɗu, ta ce ta je ta zauna da wata malamar awo, kuma yanzu babin ya zama uku, saurayin ma ba shi ne ya ba da jinin ba domin nasu bai zo ɗaya ba.

Gwaggo tana nan, ana yi mata allurarta a kan lokaci, kuma likita ya ce haka za a ci gaba. Ta koma cin yajinta. Da sanda take zuwa alwalar asuba, jikarta na riƙe mata fitila.